Lissafin Tafiyar Sauti a Ƙarƙashin Teku

Sauti ne kaɗai ke iya yin doguwar tafiya a cikin ruwan teku ba tare da ya mace a hanya ba. Hasken rana ba ya wuce 'yan ɗaruruwan mita kafin duhu ya rufe, igiyoyin rediyo kuwa, da ke ƙetare nahiyoyi ta sama, ruwan gishiri yana shanye yawancinsu cikin 'yan mita kaɗan. Don haka duk mai son auna zurfin teku, ko gano jirgin yaƙi mai nutso, ko aika umarni ga na'urar da ke aiki a bakin rijiyar mai ta cikin teku, irin ta filin Bonga da ke gaɓar Najeriya inda zurfi ya haura mita 1000, da sauti zai yi aiki. Sai dai sauti ba ya tafiya a miƙe cikin teku. Yana lanƙwasa, yana bugun saman ruwa da gindin teku yana dawowa, yana rarrabuwa ya sake haɗuwa. Samfurin lissafi shi ne tsarin ƙa'idojin da ake ba wa bayanin ruwa da na ƙasan teku da na sautin da aka saki, ya fitar da amsar tambayoyi uku: ƙarfi nawa zai isa wuri kaza, yaushe zai isa, kuma da wace kama.

Tushen komai shi ne gudun sauti. A iska yana yin kusan mita 340 a sakan, a ruwan teku kuwa kusan mita 1500. A shekarar 1826 Daniel Colladon da Charles Sturm suka auna shi a Tafkin Jeniba: an buga ƙararrawa a cikin ruwa daidai lokacin da aka kunna albarushi a sama, mai sauraro a wani jirgi mai nisan fiye da kilomita 13 ya ƙidaya tazarar da ke tsakanin ganin walƙiyar da jin ƙarar. Sun sami mita 1435 a sakan, adadin da bai yi nisa ba da abin da na'urorin yau ke bayarwa ga ruwan daɗi mai irin wannan sanyi.

Gudun ba ɗaya ba ne a ko'ina. Abu uku ke ƙara shi: ɗumin ruwa, yawan gishiri, da matsin da zurfi ke kawowa. Ƙarin digiri ɗaya na zafi yana ƙara mita 2 zuwa 4 da wani abu a sakan, gwargwadon sanyin ruwan tun farko. Ƙarin giram ɗaya na gishiri a kilo ɗaya na ruwa yana ƙara kusan mita 1.3, kowace mita 1000 ta zurfi tana ƙara mita 16 zuwa 17. An tattara waɗannan a ƙa'idoji da aka gina kan awo, irin ta Del Grosso ta 1974, ta Chen da Millero ta 1977, da ta Mackenzie ta 1981. Daga saman teku zuwa gindinsa bambancin gudun yawanci bai kai kashi 5 cikin 100 ba, mai karatu zai iya raina shi. Amma wannan ɗan bambancin shi ke yanke hukuncin ko za a ji jirgi daga nisan kilomita 2 ko daga 60.

Dalili kuwa shi ne sauti kullum yana karkata zuwa inda gudunsa ya fi ƙasa, bisa ƙa'idar Snell wadda aka sani a ilimin haske. Bajamushe Hugo Lichte ya bayyana wannan game da teku tun 1919, ya nuna dalilin da ya sa ake jin sauti daga nesa a lokacin sanyi fiye da lokacin zafi. A shekarun 1930 sojojin ruwan Amurka suka lura na'urorinsu na sonar, masu gano jirgi ta hanyar sauti, suna aiki lafiya da safe, da la'asar kuma su kurumce. Masanan cibiyar Woods Hole suka gano cewa rana ce ke ɗumama 'yan mitocin sama, sautin ya lanƙwashe ƙasa, ya bar wani yanki a gaba wanda ba ya shiga. Jirgin da ya fake a wannan inuwar ba a jin sa. Daga nan aka ƙera na'urar da ke zana zafin ruwa bisa zurfi, ta zama abin da ba a fita teku ba tare da ita ba.

A teku mai zurfi na yankunan da ba su kusa da ƙanƙara, ruwa yana yin sanyi da sauri daga sama zuwa kusan mita 1000, gudun sauti yana raguwa tare da shi. Daga nan zafin ya kusa tsayawa a digiri 2 zuwa 4, matsi ya karɓi ragama, gudun ya koma hawa. Ke nan akwai wani zurfi a tsakiya inda gudun ya fi ko'ina ƙasa. Sautin da ya nufi sama daga nan ana lanƙwaso shi ƙasa, wanda ya nufi ƙasa ana lanƙwaso shi sama, sai ya maƙale a kwararo ɗaya, bai taɓa sama ba, bai taɓa ƙasa ba, ba inda zai zubar da ƙarfinsa. Maurice Ewing da Lamar Worzel sun tabbatar da wannan kwararo a 1944, aka sa masa suna SOFAR. Leonid Brekhovskikh ya gano shi daban a Tarayyar Sobiyet a 1946. Ƙarar nakiyar da aka fasa a cikinsa tana isa wurin mai sauraro da wata siffa mai ban sha'awa: tana farawa a hankali, tana ƙaruwa, ta kai ƙololuwa, sannan ta yanke kwatsam. Sautin da ya yi doguwar hanya, yana hawa yana gangarowa ta ruwa mai saurin gudu, shi ke riga isa. Wanda ya bi tsakiyar kwararon, hanya mafi gajarta amma mafi nawa, shi ke zuwa ƙarshe kuma shi ya fi ƙarfi. A watan Janairu na 1991, gwajin da Walter Munk ya jagoranta ya saki sauti mai kaɗawa 57 a sakan kusa da tsibirin Heard a kudancin Tekun Indiya, aka ji shi a gabas da yammacin Arewacin Amurka bayan tafiyar awa 3 ko fiye. Ta irin wannan kwararo ne tasoshin sauraro na hukumar hana gwajin nukiliya da ke tsibiran Ascension da Crozet suka ɗauki ƙarar da ta taimaka wajen nuna inda jirgin ƙarƙashin ruwa na Ajantina, San Juan, ya hallaka a watan Nuwamba na 2017.

Kafin a kai ga manyan samfura, akwai lissafin hasara, wanda ake yi da ma'aunin desibel. Hasara ta farko ta bazuwa ce. Idan sauti na bazuwa ko'ina kamar ƙwallo mai kumbura, duk ninki goma na nisa yana cin desibel 20, wato desibel 60 daga mita 1 zuwa kilomita 1. Idan sama da ƙasa sun tsare shi, sai gefe kawai yake bazuwa, ninki goma ya ci desibel 10. Ta biyu ita ce shanyewa, inda ruwa ke mai da ƙarfin sauti zafi, kuma ta dogara ƙwarai ga yawan kaɗawar sautin a sakan, abin da ake rubutawa Hz. Kakkauran sauti mai 100 Hz yana rasa kusan desibel 1 ne a kilomita 1000. Mai 10,000 Hz yana rasa kusan desibel 1 a kilomita guda, siririn sauti mai 100,000 Hz kuwa sama da desibel 30 a kilomita guda. Mafi yawan wannan shanyewa ba aikin ruwan kansa ba ne, aikin sinadarai biyu ne da ke narke a ciki, gishirin magnesiyam salfet da asid na boron, shi ya sa ruwan tafki da na kogi ba sa shan sauti kamar teku. Ƙa'idar Thorp ta 1967 ita ce mai sauƙin amfani, ta Francois da Garrison ta 1982 kuwa ta fi cika, don tana lura da zafi da gishiri da zurfi da tsamin ruwa.

Saman ruwa kusan madubi ne ga sauti, yana mai da kusan dukkan ƙarfin, amma yana juya igiyar, matsi ya koma sassauci. Idan iska ta taso, raƙuman ruwa suna warwatsa sautin, kumfar da suke turawa ƙasa tana sha. Gindin teku ya fi wuyar sha'ani. Idan yashi ne mai gudun sauti kusan mita 1650 a sakan, duk sautin da ya same shi a kwance, da kusurwar da ba ta kai digiri 25 ba, yana dawowa kusan gaba ɗaya. Wanda ya fi haka tsayuwa yana nutsewa cikin ƙasa. Laka mai laushi kuwa gudun sauti a cikinta yana iya gaza na ruwa, sai ta haɗiye kusan komai. Ga kuma hayaniyar teku, wadda Gordon Wenz ya tsara a zane-zanensa na 1962: jiragen kasuwanci sun mamaye ɓangaren kakkauran sauti, iska da ruwan sama sun mamaye tsakiya, a ruwa mai ɗumi marar zurfi kuma wani irin jatan lande mai ɗas-ɗas yana cika wuri da ƙara. Lissafin sonar, wanda Robert Urick ya yi wa cikakken bayani a littafinsa na 1967, tarawa da ɗebewa ne kawai: ƙarfin da aka saki, a cire hasarar hanya, a cire hayaniya, a ga abin da ya rage. Duk wahalar tana cikin wannan adadi guda na hasarar hanya.

Ƙa'idar da ke mulkin tafiyar sauti sananniya ce tun ƙarni na 18, ita ce ƙa'idar igiya, wadda idan aka taƙaita ta ga sauti mai kaɗawa guda ake kira ta Helmholtz. A bisa manufa ana iya yanka teku ƙananan akwatuna a warware ta kai tsaye. Amma sauti mai 1000 Hz tsawon zangonsa, wato tazarar da ke tsakanin igiya da mai bin ta, mita 1.5 ne, kowane zango yana bukatar akwatuna da dama, tekun kuwa yana da zurfin kilomita 4 da faɗin ɗaruruwa. Ana yin haka ga ƙaramin wuri, misali don ganin yadda sauti ke dawowa daga jikin jirgi, amma ga doguwar tafiya ko babbar kwamfuta tana gajiya. Shi ya sa kowane samfuri da ake amfani da shi yana zubar da wani ɓangare na gaskiya da gangan, kuma gwanintar mai aiki ita ce sanin abin da aka zubar.

Mafi tsufa shi ne samfurin layuka. Ana ɗaukan sauti kamar dubban layuka da ke fita daga tushe, a bi kowane ɗaya yana lanƙwasa yana bugun iyaka. Inda gudu ke ƙaruwa daidai da zurfi, layin yana zama yankin da'ira. A ruwa mai zafi ɗaya, wanda matsi kaɗai ke sauya shi, daga tsakiyar da'irar zuwa bakinta kusan kilomita 90 ne. Wannan samfuri yana nuna hoto da ido ke fahimta, yana ba da lokacin isowar kowace hanya, kuma shi ya fi bayyana yadda sautin da ya nutse can ƙasa ke tasowa ya taru kusa da sama duk bayan kilomita 50 zuwa 65 a Arewacin Atalantika. Rauninsa biyu ne: inda layuka suka cunkushe yana cewa ƙarfi ba shi da iyaka, a inuwa kuma yana cewa babu sauti sam, alhali duka biyun ba haka suke ba. Michael Porter da Homer Bucker sun rage wannan matsala a 1987 ta hanyar ba kowane layi kauri mai dusashewa a gefe, kuma a kan wannan aka gina manhajar BELLHOP. Sharaɗin samfurin shi ne tsawon zango ya zama ƙarami ƙwarai idan aka gwada shi da zurfin ruwa.

Idan wannan sharaɗi ya faɗi, wato ruwa ba zurfi, sauti kuma kakkaura, sai a koma ga samfurin salon kaɗawa. Tsirkiyar gurmi da aka ɗaure sama da ƙasa ba ta kaɗawa yadda ta ga dama, tana da salo ƙididdigaggu: gaba ɗaya, rabi biyu, kashi uku. Haka ruwan da ke tsakanin sama da gindin teku yake, kuma sautin da ake ji a nesa jimlar waɗannan salo ne, kowanne da gudunsa da yadda yake dusashewa. Chaim Pekeris ya shimfiɗa wannan lissafi a 1948 don bayyana ƙarar nakiyoyi a ruwa marar zurfi. A ruwa mai zurfin mita 50 bisa yashin da aka ambata, sauti mai 100 Hz salo uku kacal yake da su, lissafi ya zo da sauƙi. Mai 10,000 Hz kuwa yana da kusan 280, nan layuka sun fi araha. Samfurin ya kuma bayyana abin da layuka ba za su taɓa nunawa ba: akwai kaurin da idan sauti ya wuce shi, ruwan ba ya ɗaukar sa zuwa nesa ko kaɗan. A zurfin mita 50 iyakar tana kusan 18 Hz, a zurfin mita 10 kusan 90 Hz. Manhajar KRAKEN ita ce sananniya a nan. Dangin wannan hanya akwai wadda ke tara sautin bisa dukkan kusurwoyi, kamar yadda manhajar OASES ta Henrik Schmidt ke yi. Ta fi kowacce daidai idan ƙasan teku hawa-hawa ne a shimfiɗe, har da dutse mai girgiza ta gefe, amma asalinta tana son teku ya zama iri ɗaya daga farkon hanya zuwa ƙarshenta.

Teku kuwa ba ya zama iri ɗaya. Gindinsa yana gangarawa, ruwan ɗumi yana karo da na sanyi. A nan ne samfurin farabola ya yi fice. Leontovich da Fock sun ƙirƙiro shi a shekarun 1940 don igiyoyin rediyo, Hardin da Tappert suka shigo da shi ilimin sautin teku a 1973. Dabararsa ita ce a yi watsi da sautin da ke komawa baya, a ɗauka komai gaba yake yi. Da zarar an yarda da haka, ana iya sanin yanayin sauti a nisa kaza daga yanayinsa a taku ɗaya kafin nan, sai a yi ta takawa, ana sauya zurfi da gudu a kowane taku. Siffarsa ta farko tana aiki ne ga sautin da bai karkace sosai daga kwance ba. Michael Collins ya faɗaɗa kusurwar a manhajar RAM cikin shekarun 1990. Ga kakkauran sauti a teku mai sauyawa, da wuya a sami abin da ya fi shi, amma ba ya amsa tambayar amsa-kuwwa, tunda ita ce abin da ya zubar tun farko.

Masu aika saƙo ta ruwa bukatarsu daban ce, don ba ƙarfi kaɗai ya dame su ba, har da yadda hanya ke ɓata siffar saƙo. A ɗauki na'urori biyu a tsakiyar ruwa mai zurfin mita 50, kilomita 1 tsakaninsu. Hanya miƙaƙƙiya mita 1000 ce. Wadda ta bugi sama sau ɗaya ta fi ta da mita 1.25, tana makara da ƙasa da kashi 1 cikin 1000 na sakan. Wadda ta yi bugu huɗu tana makara da kashi 13 cikin 1000 na sakan. Ta ƙarshe da yashi zai yarda ya mayar, mai kusurwar digiri 25, ta fi miƙaƙƙiya da kusan mita 100, tana makara da kashi 67 cikin 1000. Idan ana aika alama 1000 a sakan, kowace alama tana iya zuba a kan sittin da wani abu da ke bin ta. Motsi ya ƙara dagula lamarin. Na'ura mai tafiyar mita 1.5 a sakan tana gudun kashi 1 cikin 1000 na gudun sauti, alhali motar da ke kilomita 108 a awa kashi 1 cikin miliyan 10 na gudun igiyar rediyo take yi. Saboda haka a ruwa saƙon gaba ɗayansa ke matsewa ko miƙewa, kuma kowace hanya da nata gwargwado. Aro samfurin wayar salula a ɗora wa teku kuskure ne da ake yawan yi, kuma yana sa sakamakon kwamfuta ya yi kyau fiye da abin da za a tarar a ruwa. A 1994 Milica Stojanovic da Josko Catipovic da John Proakis suka nuna cewa mai karɓa da ke bin sauyin hanya lokaci bayan lokaci zai iya warware saƙo mai sauri. Ƙa'idar JANUS da ƙungiyar NATO ta amince da ita a 2017 ta zaɓi tabbas a kan sauri: tana aiki kusa da 11,520 Hz, tana aika ɗigon bayani 80 kacal a sakan. Domin gwada na'urori bisa adalci, Paul van Walree da abokan aikinsa a Norwe suka fitar da Watermark, wanda ke sake kunna hanyoyin da aka auna a teku na ainihi maimakon waɗanda aka zana.

Wannan komawa ga awo tana nuna inda ainihin raunin fagen yake. Idan aka ba manyan manhajojin nan matsala guda mai tsabta, amsoshinsu suna kusa da juna ƙwarai. Idan aka kai su teku, kuskuren desibel da dama ba abin mamaki ba ne, kuma galibi ba daga lissafi yake ba, daga bayanin da aka shigar ne. Gudun sauti ana auna shi a wuri ɗaya da safe, a yi aiki da shi a faɗin kilomita 30 da yamma, alhali raƙuman cikin ruwa, masu tafiya a iyakar ruwan ɗumi da na sanyi, suna ɗaga wannan iyaka suna sauke ta mita da dama cikin mintoci. Ƙasan teku ya fi wannan duhu. Teburorin da Edwin Hamilton ya tattara, musamman na 1980, suna ba da gudu da nauyi na yashi da laka iri-iri, amma sanin abin da ke mita 10 ƙarƙashin wani wuri takamaimai yana bukatar haƙa ko binciken girgiza mai tsada. Taswira mai launi da kwamfuta ta fitar tana da kwarjini, ya kamata duk mai karanta ta ya fara tambayar daga ina aka samo bayanin gindin tekun.

Daga wannan matsala aka juya lissafin baya. Maimakon a ba samfuri yanayin teku ya fitar da sauti, sai a auna sautin da jerin makirufon ruwa, a yi ta sauya yanayin da aka ƙaddara har amsar samfuri ta dace da abin da aka ji. Ta haka ake ƙiyasta gudu da kaurin shimfiɗun ƙasan teku, ta haka kuma ake gano zurfi da nisan abin da ke fitar da sauti, dabarar da Bucker ya gabatar a 1976. Munk da Carl Wunsch sun kai ta ga ruwan kansa a 1979: tunda sauti ya fi sauri a ruwan ɗumi, lokacin da kowace hanya ta ɗauka tsakanin tasoshi biyu yana ba da matsakaicin zafin ruwan da ta ratsa. A nisan kilomita 1000, tafiyar kusan sakan 670, ƙarin kashi 1 cikin 10 na digiri yana rage lokacin da kusan kashi 2 cikin 10 na sakan, abin da agogon tasoshin ke iya aunawa ba wuya. Bambancin lokaci tsakanin zuwa da dawowa a kan hanya guda kuwa yana ba da gudun kwararar ruwan.